Begen silimar shekarun 1970: abin da muka kalla da abin da ya wuce mu

Duk wanda ya zauna cikin hirar mutanen da suka ba shekara 60 baya a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, ya tsokano zancen silima, zai ga yadda fuskoki ke sakewa nan take. Alhajin da ɗazu yake kukan tsadar hatsi sai ya soma jero sunaye: Mangala, Mother India, Sholay, Django, Trinita, Bruce Lee. Wani ya tuna giwar da ta tari harsashi domin ubangidanta, wani ya kwaikwayi dariyar Gabbar Singh, wani kuma ya rantse ya kalli fim guda sau goma bai gaji ba. Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Sai dai wannan tunawa ta wuce ƙorafin bana. Bege ne na ƙuruciya, da na wani irin dare da ya ɓace daga garuruwanmu.

Akwai abu guda cikin wannan lissafi da ya kamata ya tsayar da mai sauraro. Da wuya a ji an ambaci fim ɗin Nijar ko ɗaya. Alhali kuwa a shekarun 1970 ƙasar nan tana sahun gaba a harkar fim a Afirka ta Yamma, har ɗanta Umaru Ganda ne ya fara ɗaukar babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Yaya aka yi zamani guda ya bar mana finafinai iri biyu, waɗanda jama'a ta riƙe a zuciya da waɗanda aka yaba a ƙasashen waje, amma ba su haɗu a allo ɗaya ba? Amsar tana cikin tarihin hanyar da fim ke bi kafin ya iso gaban mai kallo.

Gidan silima da zamaninsa

Gidan silima na wancan lokaci fili ne da aka kewaye da doguwar katanga, galibi ba rufi, da farin bango a gaba wanda shi ne allo. Don haka ba a kallo sai duhu ya shiga, in kuma hadarin damina ya taso, kallo ya tashi. Wurin zama ya rabu gwargwadon kuɗin tike: benci ko daɓen siminti kusa da allo na masu ƙaramin ƙarfi ne, kujerun baya na ma'aikata da ƴan kasuwa. A Yamai har gobe sunayen Vox da Zabarkan da Soni Ali Ber ba su fita bakin mutane ba, kuma kowane babban gari yana da nasa. Tun da rana ake kafe hoton fim ɗin dare a ƙofa, yara su taru suna karanta labarin daga hoton: wanda ke tsakiya riƙe da bindiga shi ne akter, wanda ba ya mutuwa, mai muzurai a gefe shi ne shef bandi. Da magariba ta wuce, masu tsire da masu shayi da ƴan tallan gyaɗa sun kama wurinsu.

Ba kowa ke zuwa ba. Malamai da iyaye da yawa suna ɗaukar silima matattarar ƴan iska, kuma matar aure ba ta cika taka ƙofarta ba. Galibin masu kallo samari ne: ƴan lakwal da suka sulale daga gida, yaran mota, yaran teloli da na kanikawa, ƴan dako da ƴan cirani. Ya kamata kuma a tuna irin shekarun da suke ciki. Farin da ya soma a 1968 ya kai maƙura a 1973 da 1974, dabbobi suka ƙare, noman gyaɗa da ya gina arzikin Maraɗi da Damagaram ya karye. Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja a ƙarƙashin Seyni Kunce suka kifar da gwamnatin Jori Hamani. Kuɗin uraniyom ɗin Arlit, wanda aka soma haƙowa a 1971, sai wajen ƙarshen shekarun suka fara taɓa garuruwa. Saurayin da ya baro ƙauye saboda rumbu ya ƙare, in ya samu ƴan daloli, a silima kaɗai zai iya sayen awa uku na wata duniya.

Kaboyi, karate da Indiya

Finafinan da suka cika waɗannan darare kusan iri uku ne. Kaboyi ne mafi daɗewa. Da yawa daga cikin waɗanda aka fi so ma ba a Amurka aka yi su ba. Django, mutumin nan mai jan akwatin gawa da babbar bindiga a ciki, ɗan Italiya Sergio Corbucci ne ya shirya shi a 1966, Franco Nero ya fito a ciki. Trinita na Terence Hill da Bud Spencer, wanda ya fito a 1970, shi ma daga Italiya yake. Doki da ƙura da fili fetal ba baƙin abubuwa ba ne ga ɗan Sahel, shi ya sa ya karɓe su ba tare da wahala ba.

Karate ya zo daga baya, ya zo da ƙarfi. Manyan finafinan Bruce Lee guda huɗu sun fito ne tsakanin 1971 da 1973, shi kuma ya mutu a watan Yuli 1973 yana da shekara 32. Ke nan yaran da suka riƙa tsalle suna shurin iska a lungunan garuruwanmu suna kwaikwayon mutumin da ya riga ya bar duniya. Abin da ya ja su a fili yake: siririn mutum, ba Bature ba, ba bindiga a hannunsa, yana kayar da waɗanda suka raina shi da danginsa. A ƙasar da ba ta wuce shekara 15 da fita daga mulkin mallaka ba, wannan ba ya buƙatar tafinta.

Amma sarautar zuciya ta Indiya ce. Tun kafin shekarun 1970 ƙasashen da Faransa ta mallaka sun san Aan na Mehboob Khan, fim mai launi na 1952 wanda aka rarraba da sunan Faransanci Mangala, fille des Indes, kuma aka yi ta maimaita shi shekara da shekaru. Mehboob Khan ɗin ne ya yi Mother India a 1957. Labarin Radha ne, wadda surukarta ta ci bashin rupi 500 wurin Sukhilala domin bikin aure, bashin ya zama igiyar da ta ɗaure gidan: mai kuɗi na kwashe kashi uku cikin huɗu na amfanin gona, miji ya rasa hannuwansa ya bar gida don kunya, ambaliya ta cinye abin da ya rage, uwa ta ja garma da kafaɗarta ta ƙi sayar da mutuncinta. A ƙarshe da hannunta ta harbe ɗanta Birju, lokacin da ya sato ƴar mai ba da bashin. Manomin da ya taɓa sayar da hatsinsa tun yana gona domin ya ci da damina ya san Sukhilala ba sai an gabatar masa da shi ba.

Shekarun 1970 suka ƙaro nasu. Haathi Mere Saathi na 1971 shi ne na maraya Raju da giwayensa huɗu. Bobby na 1973 labarin ɗan mai kuɗi ne da ƴar talaka da iyayen da suka shiga tsakani. Amar Akbar Anthony na 1977 ya raba ƴan'uwa uku tun suna yara, ɗaya ya tashi Bahinde, ɗaya Musulmi, ɗaya Kirista, kafin jini ya sake haɗa su. Sholay na Ramesh Sippy, wanda ya fito a 1975 ya kuma shekara biyar ana nuna shi a wani gidan silima guda a Bombay, ya haɗa wa mai kallo abubuwa biyu da yake so: Amitabh Bachchan da Dharmendra ɓarayi ne biyu da wani tsohon ɗan sanda ya yi hayarsu su kamo ɗan fashi Gabbar Singh, wato kaboyi ne sak, amma da waƙa da rawa da hawaye.

Sau da yawa babu fassara, in ma akwai rubutun Faransanci a ƙasan allo, ba kowa ya yi lakwal ba. Wannan bai hana fahimta ba, domin abin da ido ke gani sananne ne: mace da mayafi, dattijo da rawani, ɗa na durƙusa wa uwa, budurwa na sunkuyar da kai, uba na zaɓa wa ƴarsa mijin da ba ta so. Soyayya tana nan da zafinta, amma cikin kunya, ba kamar ta finafinan Turawa ba. Mai kallo ya ga mutanen da ke kokawa da zamani da kuɗi da birni kamar yadda yake yi, kuma su ma ba Turawa ba ne. Haka abin yake a Kano da Katsina, inda ƴan kasuwa Kwarori suka soma shigo da finafinan Indiya tun shekarun 1950. A can ne aka laƙaba wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi, a can ne kuma daga baya masu bandiri suka ɗauki karin waƙoƙin Indiya suka ɗora masa begen Annabi. Fataken da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Katsina, ko Damagaram da Kano, suna ɗauko labarin sabon fim tare da hajarsu.

Wa ke zaɓen abin da za a kalla

Ƙaunar da jama'a ta yi wa waɗannan finafinai ta gaskiya ce, amma ba jama'a ke zaɓen abin da za a sa a allo ba. Tun zamanin mulkin mallaka kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, suka riƙe shigo da fim da rarraba shi a kusan dukan ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, kuma su ke da yawancin gidajen silima. Cinikinsu mai sauƙi ne. Suna sayen finafinan da suka riga suka maido kuɗinsu a ƙasashensu, da araha, da yawa a lokaci guda, sa'an nan su yi ta juya faifan daga gari zuwa gari har ya goge. Mai gidan silimar da ba nasu ba ma dole ya karɓi jerin da suka tsara masa. Fim ɗin ɗan ƙasa, wanda ke neman a biya shi kuɗin da zai maido da abin da ya kashe, ba shi da wuri a cikin wannan lissafi.

Wasu ƙasashe sun yi yunƙuri. A 1970 Hot-Bolta, wato Burkina Faso ta yau, ta ƙwace gidajen silimarta ta mai da su na gwamnati, kamfanonin suka yanke mata fim na wani lokaci domin su ladabtar da ita. Daga baya wani kamfanin Faransa, SOPACIA, ya saye su biyun, amma tsarin bai sauya sosai ba. A ƙarshen shekarun 1970 ƙasashen yankin suka kafa kamfanin rarrabawa na haɗin gwiwa, CIDC, a Wagadugu, suka ɗora ɗan Nijar Inusa Usaini a kansa. Bai wuce tsakiyar shekarun 1980 ba ya durƙushe, domin ƙasashe da masu gidajen silima ba su biya abin da ke kansu ba.

Namu finafinan

A daidai wannan lokaci Nijar na yin nata finafinan, kuma waɗanda suka yi su ƴaƴan wannan silimar ne, ita ta raine su. Umaru Ganda, wanda aka haifa a Yamai a 1935, ya shiga sojan Faransa yana yaro, ya yi yaƙin Indoshin, ya dawo ya tafi dako a tashar jiragen ruwan Abijan. A can ya gamu da Jean Rouch, Bafaranshen da ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniya kafin ya koma ɗaukar fim. A cikin Moi, un noir na 1958, Ganda ya fito da sunan da ya ara daga allo, Edward G. Robinson, abokansa kuma Eddie Constantine da Tarzan. Ƴan ciranin Nijar ne da suke ganin kansu a jikin jaruman silima.

Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942, ya lura da wannan tun da wuri. Bayan Aouré na 1962, wanda sunansa aure ne kawai, da finafinan zane irin La Mort de Gandji da ya samu kyauta a bikin Dakar na 1966, sai ya yi Le Retour d'un aventurier a 1966. Jimi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka sake sunaye, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Jingare Maiga ne Black Cooper, Zalika Sule ce Reine Christine. Shekara shida kacal bayan samun ƴancin kai, ga ɗan ƙasa ya ɗauki madubi ya nuna wa masu kallo abin da allo ke yi musu, cikin dariya.

Ganda ya yi Cabascabo, wanda aka nuna a bikin Cannes na Faransa a 1969 aka kuma ba shi kyauta a Mosko: tsohon soja ya dawo daga Indoshin da kuɗin sallama, abokai da mata suka taya shi cinye su, suka watse, ya ɗauki gatari ya nufi daji. Le Wazzou polygame, wanda ya ci kyautar 1972, kalmar wa'azi ce a cikin sunansa. Wani ne ya dawo daga Makka da sunan Alhaji, ya sa ido kan yarinyar da aka yi wa wani saurayi alkawari, iyaye suka ba shi ita ta zama ta uku, kishi ya kai ga kisa a daren biki, aka kashe wadda ba ita aka nufa ba. Saïtane ya taɓo malamin tsibbun da ya zama kawali tsakanin attajiri da matar aure. Alasan ya yi FVVA a 1972, wato mace, mota, gida, kuɗi, a kan ƙaramin ma'aikacin da burin waɗannan huɗu ya kai shi ga taɓa kuɗin ma'aikata. A 1973, fari na tsakiyar cin ƙasa, ya fitar da Toula, daga labarin Bubu Hama, inda aka ba da budurwa ga aljanin ruwa domin a samu ruwa.

Mai karatu ya duba da kyau: auren dole, kishiya, bashi, kuɗin da ke ɓata zumunci, fari. Abubuwan da suka sa mutane kuka a Mother India su ne a nan, da fuskokinmu da tufafinmu. Ba za a ce jama'a ta gan su ta ƙi ba. An nuna wasunsu, an kuma yi musu tururuwa inda aka nuna, har Zalika Sule ta sha zagi a titi daga waɗanda suka kasa raba ta da muguwar kishiyar da ta fito a matsayinta, kamar yadda Rahmatu Keita ta nuna a fim ɗinta Al'lèèssi na 2004. Sai dai bege ba ya kama mutum da kallo ɗaya. Fim ɗin Indiya yakan dawo allo shekara bayan shekara har yaro ya haddace shi, namu kuwa dare ɗaya ko biyu ne a wani biki.

Bayan riƙon da kamfanoni suka yi wa allo, akwai wasu dalilai. Yawancin finafinan nan an ɗauke su a faifan milimita 16, alhali na'urorin gidajen silima na milimita 35 ne. Da yawansu ba su kai awa guda ba, ba za su cika daren mai tike ba. Ana wanke faifan da haɗa shi a Paris, kuma ofishin fim na ma'aikatar haɗin gwiwa ta Faransa, wanda ke taimakawa da kuɗi, yakan sayi izinin nuna su kyauta a cibiyoyin al'adun Faransa. Ta haka suka zama abin kallon malaman lakwal da ɗalibai da Turawa. Ga kuma harshe: na Ganda da Zabarmanci suke, wasu da Faransanci, kuma ba a mayar da su Hausa ba domin mutanen gabas. Masu shirya finafinan Afirka da suka taru a Yamai a watan Maris 1982 sun fitar da sanarwar da ta ce yin fim ba shi da amfani in ba a haɗa shi da rarrabawa da gidajen nunawa da harajin tike ba. Sun yi gaskiya, amma Ganda bai ji ba. Ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981.

Bayan an kashe fitila

Gidajen silima ba su mutu rana ɗaya ba. Tele ta shiga gidaje daga ƙarshen shekarun 1970, wasannin kwaikwayon Hausa irin na ƙungiyar Yazi Dogo ta Damagaram suka nuna irin ƙishirwar da mutane ke da ita ta ganin kansu da jin harshensu. Kaset ɗin bidiyo ya biyo baya, kowace unguwa ta samu rumfar kallo, mata kuma suka samu damar ganin Indiya a cikin ɗakunansu. Karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994 ya ninka kuɗin hayar fim daga waje. Ɗaya bayan ɗaya gidajen suka rufe, wasu suka koma shaguna ko ɗakunan ajiya. Magajin masu kallon ya fito ne daga Kano, inda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990. Finafinan Hausa na bidiyo sun ɗauki soyayya da waƙa da rawa daga Indiya saboda masu yin su da masu sayensu da ita suka tashi. Abin da aka shuka a allo a shekarun 1970 shi ya tsira.

Yau duk mai begen Sholay zai same shi cikin wayarsa, wani lokaci har da muryar Hausa, domin a Kano an ƙware wajen fassara finafinan Indiya. Mai neman Saïtane ko Toula kuwa sai ya sha wuya, domin faifan asali da kwafi masu kyau galibi suna ɗakunan ajiya na Turai. Mustafa Alasan, wanda ya zauna Tawa shekaru masu yawa yana ta zane-zanensa, ya rasu a 2015. A 2017 gidan tarihin MoMA na New York ya shirya taron nuna ayyukansa. Zalika Sule da Inusa Usaini sun rasu a 2021. A Yamai akwai cibiyar al'adu mai sunan Umaru Ganda, kuma a 2024 an sa wa tsohuwar cibiyar al'adun Faransa da Nijar sunan Mustafa Alasan. Girmamawa ce da ta dace, sai dai yaron da ke wucewa ta ƙofar ya san sunan bai san aikin ba.

Faifan fim ba ya jira. Zafi da ƙura da laima suna cin sa. Shaihu Umar na Adamu Halilu, fim ɗin Hausa na 1976, an ɗauka ya ɓace har sai da aka tsinci faifansa a wani tsohon ɗakin ajiya a Legas a 2016, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a Berlin a 2018. Wannan ya nuna abin mai yiwuwa ne in an tashi. Aikin da ke gabanmu bai fi ƙarfinmu ba: hukumomin al'adu su zauna da iyalan marigayan da kamfanonin da ke da haƙƙi, a samo kwafi masu kyau, a ba masu fassarar da suka sa Amitabh Bachchan ya yi Hausa su sa Cabascabo ma ya yi, sa'an nan a nuna su a Tele Sahel da gidajen samari da lakwal-lakwal, a kuma maimaita har su zauna. Waɗanda suka yi samartaka a 1975 ba su da laifi don sun so abin da aka nuna musu. Jikokinsu ne ya kamata a ba su damar da su ba su samu ba.